HAƘƘIN JIKI DA AMANAR CIYAR DA IYALI

(Matanin laccar da aka gabatar ga iyayen yara da malamai a wajen taron rufe zangon karatu na ɗaya daga cikin makarantunmu na Islamiyya.)



Godiya da yabo su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicce mu, Ya ciyar da mu, Ya shayar da mu, Ya kuma lulluɓe mu da ni'imar lafiya ba don wayonmu ko dabararmu ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, malamaina, iyayena maza da mata, da sauran 'yan'uwa: an nemi in yi magana a kan abinci da motsa jiki. Na san a cikinmu akwai mai cewa a ransa wannan ai maganar likitoci ce, me ya kawo ta majalisin ilmi? Ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron kunnensa, domin zan fara da abin da ya sa na amsa wannan gayyata.

Watanni kaɗan da suka wuce na je asibiti duba wani maƙwabcina, ɗan kasuwa, wanda bai cika shekara hamsin ba, yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ya tashi da asuba zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya daina motsi. Kwana biyu aka yi ana turare da shafe-shafe a gida, wasu suna cewa iska ce ta buge shi, wasu suna cewa jifa ne daga abokan hamayya na kasuwa. Da aka kai shi asibiti likita ya ce hawan jini ne, kuma ga dukkan alamu ya yi shekaru da shi bai sani ba, domin bai taɓa miƙa hannunsa an auna ba. A yau babban ɗansa ya bar makaranta yana tsaron shago, shi kuwa sai an ɗaga shi an kwantar, salla ma a zaune yake yin ta.

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma riƙo da sababi yana cikin imani da ƙaddara. Sayyidina Umar (RA) yana kan hanyarsa ta zuwa Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da tawagarsa zuwa Madina, kuma wannan bai rage kome daga tawakkalinsa ba.

MATSAYIN JIKI A SHARI'A

Malaman usulu, irin su Imamul Gazali da Imamus Shaɗibi, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Duk wanda ya dubi gidan maƙwabcin nan nawa zai ga cuta ɗaya ta taɓa mafi yawansu: ta raunana ibadarsa, ta yi barazana ga ransa, ta katse karatun ɗansa, ta kuma cinye jarinsa.

Mu tuna da ƙissar Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA), wanda ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya hana shi, kuma daga cikin dalilan da ya kafa masa akwai haƙƙin da jikinsa yake da shi a kansa. To, idan an hana mutum ya cutar da jikinsa ta hanyar wuce iyaka a ibada, ina ga wanda yake cutar da shi ta hanyar wuce iyaka a sha'awar ciki?

Alƙur'ani mai girma, a aya ta 168 ta Suratul Baƙara, ya haɗa sharuɗɗa biyu ga abin da za a ci: ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. A aya ta 31 ta Suratul A'araf an halatta ci da sha, aka kuma hana israfi. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya koyar da mu a bar wa abin sha da numfashi rabonsu a cikin ciki, kada abinci ya cinye wurin duka. Mu a nan, alhamdu lillahi, mun ƙware wajen binciken halaccin abinci: wa ya yanka, da me aka haɗa. Sharaɗi na biyu ne muka yi wa riƙon sakainar kashi. Ciyarwar da Allah Ya ɗora wa maigida amana ce, kuma za a tambaye shi abin da ya shigo da shi gida, kamar yadda za a tambayi uwargida abin da ta zuba a tukunya.

HALIN DA AKE CIKI

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa manya masu ciwon sukari a duniya sun haura miliyan 800 a ƙididdigar 2022, wato sun ninka fiye da sau huɗu daga 1990. Rahotonta na 2023 a kan hawan jini ya nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane manya uku yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu nauyin da ya wuce kima sun tashi daga kashi 8 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 20 a 2022.

Mu kuma namu nauyin biyu ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Wannan binciken dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa nauyinsu ya wuce kima. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a shiga gida ɗaya a tarar da yaro mai tamowa, ga mahaifiyarsa tana fama da ƙiba, ga mahaifinsa yana shan maganin hawan jini. Asalin matsalolin uku ɗaya ne: ana cika ciki da abin da ba ya gina jiki.

ABIN DA KE CIKIN TUKUNYA DA KOFI

Na farko, sukari. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce, sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma in an tsaya a cokali 6 ya fi. Da yawa daga cikin lemunan kwalba suna ɗauke da kimanin giram 10 a kowace mililita 100. Ke nan gora ɗaya mai rabin lita ta cinye rabon yini gaba ɗaya, tun ba a yi maganar shayin safe da madarar gwangwani ba, da sukarin koko, da na fura, da na zoɓo. Gwamnatin Nijeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuna a dokar kuɗi ta 2021, aka fara karɓa a 2022. Amma haraji ba zai shiga ɗakin uwargida ya ƙirga cokali ba. A lura kuma, zuma tana da falalarta, sai dai jiki yana karɓar ta a matsayin sukari, don haka mai ciwon sukari kada ya sha ta ba lissafi, kuma likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Na biyu, gishiri. Iyakar da aka shata ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, alhali matsakaicin abin da mutanen duniya suke ci ya ninka haka. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara yawa a cikin jijiyoyi, zuciya ta riƙa bugawa da wahala, a hankali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda su lalace. 'Yan'uwana mata, ku sani dunƙulen magin nan kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Wadda ta jefa dunƙule shida a miya, ta ƙara farin magi, ta kawo gishiri ta barbaɗa, gishiri ta zuba sau uku. Akwai kuma wanda yake ɓoye a cikin burodi, da yajin tsire, da kilishi, da garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wannan fanni. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ake samu ga masu jego a yankin da yawan shan kunun kanwa tare da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta. Iyayenmu mata, a sassauta wa masu jego. A rage magi sannu a hankali, a koma ga daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari. Cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Na uku, mai. Mun mai da shi ma'aunin iya girki da ma'aunin karamci, har miyar da mai bai yi iyo a kanta ba ana ganin ta marowaci ce. Mai yana da amfani, amma kaɗan ya isa, kuma man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi zubarwa ya kamata a yi.

Na huɗu, hatsi. Allah Ya albarkaci ƙasarmu da gero da dawa da maiwa da acca, abincin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin jawo hankalin duniya gare shi. Mu kuwa mun juya masa baya, mun rungumi farar shinkafa da fulawa da taliya safe da rana da dare. In ma mun ci namu, sai mun surfe shi tas, mu kwashe dusar mu ba awaki, alhali a cikinta ne harzar da ke rage saurin shigar sukari cikin jini take, tare da wani kaso mai yawa na sinadaran da ke gina jiki. A rage surfe, a riƙa haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, domin kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Na biyar, ganye da 'ya'yan itace. Abin da ake so shi ne aƙalla giram 400 a yini. Ba sai an nemi tufa da inabi daga ƙasashen waje ba. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo, ga yakuwa, ga kuka da kuɓewa da kabewa, ga gwanda da gwaiba da mangwaro da kankana da lemun zaƙi, kowanne a lokacinsa. Kwaɗon zogale da faten tsaki mai ganye da dambu ba abincin rashi ba ne, kamar yadda wasu 'ya'yanmu suka fara ɗauka.

HAƘƘIN YARA

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshe ma haka yake. Yaron da aka saba masa da zaƙi tun yana goye, da wuya ya yarda da ruwa zalla idan ya girma.

Haƙƙin farko shi ne nono. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, ta kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwar. Likitoci a yau suna cewa a ba jariri nonon uwa zalla wata shida, ba ruwa ba jiƙo, sa'an nan a fara ba shi abinci tare da nono har shekara biyu ko fiye. Kunun da za a fara ba shi kada ya zama tsurar gasara da sukari; a sa masa gyaɗa ko waken suya, a ba shi ƙwai da kifi da ganye da aka dafa ya yi laushi. Zancen cewa yaron da yake cin ƙwai zai yi sata camfi ne, ba shi da tushe a addini balle a likitanci.

Ina kuma kira ga 'yan'uwana magidanta a kan wata al'ada: tsokar nama a kwanon maigida, yara kuwa sai romo da ƙashi. Wanda jikinsa yake ginuwa ya fi wanda ya gama girma bukatar naman nan. Haka kuma maigidan da yake tsayawa wajen mai tsire ko mai shayi ya ci shi kaɗai, ya shigo gida yana goge baki, ya sake lissafi. Kuɗin tsiren dare ɗaya zai sayi ƙwai ko wake da zai ratsa yaran gidan duka.

Sai kuɗin tara. Muna miƙa wa yaro kuɗi da safe, ba mu tambayar me ya saya. Ku tsaya a ƙofar makarantar nan lokacin tara ku gani da idonku: alawa, da cingam, da biskit, da ruwan leda mai launi wanda ba a san da me aka haɗa shi ba. Gyaɗa da dafaffen ƙwai da ƙosai da awara da ayaba da rogo da ƙuli duk sun fi waɗannan, kuma sau da yawa ba su fi su tsada ba. Hukumar makaranta tana da ikon zama da masu tallan nan, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan unguwa ne, a daidaita a kan abin da za a riƙa kawowa, ba tare da an toshe wa kowa hanyar abincinsa ba.

MOTSA JIKI

Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya bar Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacinsa, kuma yakan ziyarci Ƙuba wani lokaci a kan abin hawa wani lokaci a ƙasa. Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin amfanin motsa jiki a cikin Zadul Ma'ad, haka ma Ibnu Sina ya ba shi babban matsayi a babin kiyaye lafiya. Wanda yake ganin gudu ko tafiyar ƙasa zubar da girma ne ga malami ko dattijo, bai sami wannan fahimta daga magabata ba.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ita ce: yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami kimanin minti 60 a kowace rana na motsin da zai sa su haki, manya kuwa minti 150 zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Ma'auninsa mai sauƙi ne: tafiya da sauri wadda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana. Game da ƙanana, shawararta ta 2019 ita ce kada a ajiye ɗan ƙasa da shekara biyu a gaban talabijin ko waya, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini.

A nan dole mu yi wa kanmu adalci. Ɗanmu yana fita boko da sassafe, ya dawo da azahar, ya tafi Islamiyya har kusan magariba, bayan isha ga karatun dare, kuma a tsakanin waɗannan duka a Adaidaita Sahu ake kai shi a dawo da shi. Ɗan lokacin da ya rage waya ta cinye. Yaushe zai yi gudu? Mun gina makarantu da dama mun cike filin da azuzuwa, ba mu bar inda yaro zai yi langa ko tsere ko ƙwallo ba. Yaron da ya yi wasa ya fi barci mai kyau, ya fi natsuwa a gaban allo. 'Yan mata ma suna da wannan haƙƙi. A keɓe musu wuri da lokaci, malamai mata su kula da su, su yi tsallen igiya da 'yar gala-gala cikin sutura da kamun kai.

Sai matanmu na aure. Kakanninmu mata sun yi daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya, aikin gida kansa ya ishe su motsa jiki. A yau inji ya ɗauke daka da niƙa, famfo da 'yan garuwa sun ɗauke jan ruwa, kuma wannan sauƙi ne da muke gode wa Allah a kansa. Amma abincin bai ragu ba, zaman ya ƙaru, sai ga ciwon gwiwa da ciwon baya da ƙiba tun mace ba ta kai arba'in ba. Zaman mace a ɗakinta ba ya nufin ta daina motsi. Za ta iya zagaya tsakar gida da sauri na rabin awa, za ta iya haɗuwa da abokiyar zamanta ko maƙwabciyarta su yi tare. Maigida kuma zai iya raka iyalinsa ziyarar 'yan'uwa a ƙasa bayan la'asar, ya sami ladan zumunci, su duka su sami lafiya.

WURAREN AIKI DA KASUWANNI

A shekarar 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi a kan dubban ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direba da kwandasta mota ɗaya suke shiga, awoyi ɗaya suke yi, amma direba a zaune yake yini, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi yawa ƙwarai a tsakanin direbobi. Daga wannan bincike ne likitancin zamani ya fara ɗaukar yawan zama a matsayin sababin cuta.

Mu dubi kanmu: ma'aikacin ofis, da ɗan kasuwar da yake zaune a shago daga hantsi zuwa magariba yana aiken yaro kome, da tela, da direban mota, da mu malamai da muke yini a kan buzu. Babur ya kai mu masallacin da ke bayan gida. A wajen taro da walima da sauka kuwa, abin da ake tarbar baƙo da shi lemon kwalba ne da soyayyen abu, in ka ƙi sha a ce ka raina.

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Mai zama ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa bayan kowane rabin awa ko awa ɗaya. A tafi sallar azahar da la'asar a ƙasa, wanda kuma yake da iko ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa. A hau matakala a inda take. Shugabannin ma'aikatu da na ƙungiyoyin kasuwa su sa ruwa da 'ya'yan itace da gyaɗa a wajen tarurrukansu, su kuma haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini, a nemi ma'aikacin lafiya daga cikin 'yan'uwa ya riƙa auna mutane sau ɗaya a wata. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye, aka sake aunawa a wata rana aka sami haka, ya tafi asibiti. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. Mai yawan fitsari da ƙishirwa da rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya je a auna sukarinsa. Akwai kuma awon da kowa zai iya yi a ɗakinsa: ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai wajen cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbi ya wuce inda ya kamata.

WASU UZURORI

Wani zai ce: Malam, ana fama da abin da za a ci, kai kana maganar zaɓi. Haƙiƙa tsadar rayuwa gaskiya ce, ba mai musun ta. Amma mafi yawan abin da na ambata ragi ne: rage sukari, rage magi, rage mai, rage lemo. Kuɗin da aka tsimi a nan shi za a mayar ga wake da ganye. Bishiyar zogale ɗaya a tsakar gida ba ta bukatar kome sai ruwan wanke-wanke. Kuma duk tsadar wake bai kai wankin ƙoda ba.

Wani kuma zai ce: ciwon sukari gadon gidanmu ne, ba makawa. Gado yana da tasiri, amma ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. A 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka a kan mutane fiye da 3,000 waɗanda suke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako da rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani, waɗanda nasu ya ragu da kashi 31.

Wani zai ce: ni kaɗai ba zan iya canza al'adar gari ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa muke magana a cikin jama'a. A lardin Kareliya ta Arewa da ke ƙasar Finlan, inda ciwon zuciya yake kashe magidanta tun suna da ƙarfinsu, an fara wani shiri a 1972 wanda ya bi ta ƙungiyoyin matan gida da makarantu da shaguna, aka rage gishiri da kitse da shan taba. Cikin kimanin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki ta dalilin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Mu da muke haɗuwa sau biyar a yini, muke da makarantun matan aure da majalisun karatu a kowace unguwa, mun fi su hanyar isar da saƙo.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, ina roƙon kowane gida ya ɗauki abubuwa huɗu daga yau. Ɗaya, lemon kwalba ya fita daga abincin yau da kullum, ruwa ya koma mazauninsa. Biyu, uwargida ta rage rabin magi da gishirin da take sawa, maigida kuma kada ya yi mata ƙorafi. Uku, kada rana ta faɗi ba a ci ganye ko ɗan itace a gidan ba. Huɗu, duk wanda ya kai shekara talatin, namiji ko mace, ya je a auna jininsa kafin ƙarshen wannan wata. Ga hukumar makaranta kuma ina ba da shawarar a keɓe lokacin wasa a jadawalin zango mai zuwa, a kuma zauna da masu talla a ƙofa.

Idan azumi ya zo mu tuna cewa wata ne na horar da ciki, kada mu mai da buɗa-baki ramuwar gayya. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ga likitansa tun cikin Sha'aban domin a daidaita masa magani.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya albarkaci abin da Ya azurta mu da shi, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu yi amfani da lafiyarmu wajen bauta maSa kafin ranar da za a tambaye mu a kanta.